Injin matse jan ƙarfe a maƙerar ƙauye: haɗa shi ba wuya, riƙe shi ne aiki

Daga tsakiyar Afrilu zuwa saukar ruwan fari, babu rumfar da ta kai maƙera cika a ƙauyukan Kibiya da Rano. Manomin Durba ko Tarai ko Nariya da ya jingine kayan aikinsa tun kaka, sai ya ga hadari ya fara leƙowa daga gabas sannan yake tunawa bakin fartanyarsa ya cinye, garmar shanu kuma ta lanƙwashe tun ranar da ta ci karo da dutse a bara. Kowa ya zo so yake a gama masa yau. Maƙeri na zaune, awartaki a hannun hagu, guduma a dama. Yaro na bayansa yana zuga. Gaban uwar maƙera kuma akwai ƙato a tsaye da masaba, yana jiran inda maigida zai nuna masa ya sauke ta.

Wannan na ukun shi ne ya fara wuyar samu. Dukan masaba aiki ne na matashi mai jini a jika, matasan kuwa yau hankalinsu na kan babur, ko noman rani a Kadawa da Bunkure, ko birni. Ɗan maƙeri ma in ya shiga makaranta, ba ya dawowa sai rana ta yi tsaka. Ƙarfe kuma ba ya jiran kowa. In ya fito daga wuta yana ja, cikin daƙiƙu kaɗan zai fara duhu, ya ƙi jin duka. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe; a bakin sauran jama'a karin magana ce, a bakin maƙeri kuwa lissafin gawayi ne, don duk komawar ƙarfe cikin wuta kuɗi ne ke ƙonewa, ga gawayin ƙirya da maƙera suka fi so yana ƙara tsada saboda itacen na ƙarewa a daji.

A nan ne maganar injin matsa take shigowa. Ba sabon abu ba ne a idon wanda ya saba shiga garejin manyan motoci: firam ne na ƙarfe mai ƙafa biyu, da silinda a sama ko a ƙasa, da famfo mai tura mai, da hannu guda da ake ja. Makanikai na amfani da irinsa su cire boris ko su miƙe sandar da ta karkace. Na ƙira ya bambanta da nasu da abu ɗaya, wato sauri, kuma a kan wannan saurin ne mafi yawan masu haɗa shi a gida suke faɗuwa.

Yadda lita kaɗan ta mai ke zama tan goma sha shida

Tushen abin tsohon ilimi ne. Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya bayyana cewa idan aka matsa ruwan da ke kulle a cikin mazubi, matsin zai isa kowane lungu na mazubin daidai wa daida. Sai a 1795 wani maƙerin kwado a Landan, Joseph Bramah, ya yi rajistar injin da ya mai da wannan magana aiki. Abin da ya dame shi a lokacin shi ne dai abin da ke damun mai inji a yau, wato yoyo. Maganin da aka samo a shagonsa, wanda ake jingina wa ma'aikacinsa Henry Maudslay, zoben fata ne mai siffar ƙoƙo, wanda matsin ruwan da kansa ke buɗa shi ya manne da bango. Da wani baduku na Kano ya gani, da ya gane aikin. A farkon shekarun 1860 kuma John Haswell, injiniya ɗan Sikotilan da ke aikin jiragen ƙasa a Biyana, ya kai injin ga ƙira, ya shiga matse jan ƙarfe da shi maimakon duka.

Lissafin bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Ɗauki silinda mai faɗin ciki santimita 10. Fuskar fistin ɗinta ta kai murabba'in santimita 78 da rabi. Idan famfo ya tura mai har agogon matsi ya nuna ma'aunin bar 200, kowane murabba'in santimita na ɗauke da nauyin kilo 200 da ɗan ɗori. Ka ninka, sai ka samu kusan tan 16 a kan bakin ƙarfe guda. Babu ƙaton da zai sauke wannan da masaba, ko da ya ci tuwon gida uku.

Sai dai ƙarfi daban, sauri daban. Mutane da yawa da jak ɗin mota suke farawa, tunda an rubuta tan 20 a jikinsa, ga shi da araha. Su walda masa firam, su ɗora jan ƙarfe, su shiga famfa hannu. Kafin bakin ya sauko ya taɓa aikin, ƙarfen ya yi baƙi. Jak ya dace da lanƙwasa ƙarfe mai sanyi ko cire boris, bai dace da ƙira ba. Don silindar da muka ambata ta yi tafiyar santimita huɗu a daƙiƙa, sai famfo ya riƙa ba ta lita 20 a minti. In kuma ana son wannan saurin a cikakken matsi, injin da zai juya famfon sai ya kai kusan ƙarfin doki tara, ban da abin da ke salwanta a hanya. Shi ya sa masu dabara ke neman famfo mai hawa biyu: yana kwararo mai da yawa lokacin da bakin ke tafiya a banza, da ya ji ya taɓa ƙarfe sai ya rage yawa ya ƙara ƙarfi. Da irinsa, ƙaramin injin fetur irin na ban-ruwa zai iya ɗauka. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙauyen da ba a dogara da wutar lantarki, kuma tun cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 kowace lita sai an yi mata lissafi.

Maƙera ba baƙin canji ba ne

Akwai masu ganin shigar inji maƙera kamar rushe gado ne. Ni ban ga haka ba, kuma tarihin sana'ar bai goyi bayansu ba. Labarin kafuwar Kano kansa da maƙera ya fara: Abagayawa da suka zo daga Gaya neman tama a gindin Dala. Ƙarni bayan ƙarni ana haƙo tama ana narka ta, har jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa ya biyo shi, daga baya gawar motoci ta cika gari. Maƙeran baƙi ba su tsaya kukan rahoniya ba. Suka bar narka tama, suka koma kan sifirin mota da gatarin taya da guntun dogo, suka gane da idonsu da kunnensu wane ne ke shan ruwa ya yi kaifi, wane ne ke tsagewa. Philip Jaggar, Baturen da ya zauna da maƙeran birnin Kano, ya fitar da littafi a kansu a 1994, jigonsa kuwa shi ne yadda suka riƙe gado suna kuma karɓar sabon abu. Garmar shanu ma ai baƙuwa ce, zamanin Turawa ta shigo, yau kuwa maƙerin ƙauye ne ke mata baki. Zuga-zugin fatar akuya a wurare da yawa ya ba wa fanka mai wilin keke wuri, ba wanda ya ce an ci amanar kakanni.

Rano, ƙasar Autan Bawo, wadda labarin Bayajida ya haɗa ta da Kano a matsayin sarakunan baba, ƙasar noma ce tun asali, kuma tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 noman yankin ya zama na rani da damina. Inda ake noma sau biyu, ƙarfe sau biyu yake cinyewa. Buƙatar na nan. Abin da ke sabo a injin matsa ba ƙarfen ba ne, ba wutar ba ce. Mai ne. Maƙeri ya gaji sanin wuta da ƙarfe daga ubansa, amma babu wanda ya gadar masa da sanin mai, shi kuwa injin nan ransa a cikin mai yake.

Idan aka ɗauko tsoho

Da wuya a samu wanda zai haɗa irin wannan inji da sababbin kaya. Silinda daga mataccen katafila ko gireda take fitowa, famfo daga tifa ko tarakta, firam daga shasin babbar mota ko ragowar ƙarfen gini, duk ana tsinto su a wajen 'yan gwangwan ko a Ƙofar Ruwa, wasu har Panteka ta Kaduna suke zuwa. Sau da yawa ma injin gaba ɗaya ake saya a hannun wanda ya haɗa ya gaji da shi, ya bar shi a bayan shago shekara biyu ruwa na dukansa. Mai sayarwa zai ce a zuba fetur a tayar a gani. Kada a yarda. Tayar da injin da ya daɗe a ajiye kafin a buɗe cikinsa shi ne hanya mafi sauri ta kashe famfon da wataƙila lafiyarsa lau, don duk tsatsa da laka da suka kwanta a gindin tanki za su bi ta cikinsa a minti na farko.

Da firam ake farawa, domin shi ne ke iya kisa. Tan 16 da ke danna ƙarfe, ita ce kuma ke ƙoƙarin yage firam ɗin gida biyu a kowace matsa. Firam mai ƙafa biyu ya fi mai buɗaɗɗen baki haƙuri, don shi mai buɗaɗɗen baki kullum so yake ya wage. A kankare fenti da tsatsa a duk inda aka yi walda, musamman kusurwoyi da mazaunin silinda. Akwai tsohuwar dabara ta ma'aikatan jirgin ƙasa da ba ta cin ko sisi: a shafa kananzir a wurin, a bar shi ya ratsa, a goge tas, a shafa garin alli, sannan a ɗan ƙwanƙwasa da guduma. In akwai tsaga, ko siririya ce kamar gashi, kananzirin da ya ɓuya ciki zai fito ya zana layi a kan allin. Tsagar da aka gani ba a lulluɓe ta da walda a sama. Sai an bi ta da injin gurza har ƙarshenta, an yi mata kwari, sannan a cike. Mai walda kuma ya kula inda yake maƙala wayar ƙasa: in wuta ta bi ta cikin silinda kafin ta isa wurin aiki, za ta bar tabo a jikin sanda ko fistin, tabon kuma ya zama wuƙar da ke yanka sil, wato zoben robar da ke hana mai yoyo.

Daga nan sai mai. A tsiyaye shi a farin mazubi a duba. In ya yi kalar koko da madara, ruwa ya shiga. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ya sha zafi fiye da kima. In ana ganin ƙyalli a ciki kamar an barbaɗa kwalli, famfo ne ke cin kansa. A buɗe tanki a wanke da hannu, ba da tsumma mai zubar da zare ba, a kuma ajiye guntun maganaɗisu a gindinsa, irin na tsohuwar lasifika ma ya isa, ya riƙa kama garin ƙarfe.

Silinda ita ke son natsuwa. Sandarta na da rufi mai sheƙi, kuma lafiyar injin na rataye da wannan sheƙin. A bi ta da farce: duk inda farce ya tsaya, sil ma a nan zai tsaya ya yage. Ƙaramin ƙarzane ana iya lallashinsa da takardar gurza mai laushi ƙwarai. In rufin ya fara ɓarewa ko tsatsa ta yi rami, sai dai a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe a birni, ko a nemi wata. A nan ne kuma ake gane kuskuren da aka yi tun farko: silindar tifa, mai shiga cikin juna kamar eriyar rediyo, turawa kawai ta iya, nauyin bodi ne ke mayar da ita. A injin ƙira ana son wadda mai ke turawa ya kuma janyo, irin ta hannun katafila, don in bakin ya maƙale a cikin jan ƙarfe a iya fizgo shi nan take.

Sil kuwa, a cire tsofaffin a tafi da su kasuwa a hannu, a gwada da ma'auni, kada a saya da ido. A canza su duka rana ɗaya, har da na bakin silinda mai share ƙura, wanda mutane suka fi rainawa alhali shi ne mai gadin ƙofa. A jiƙa su da mai kafin a sa, a rufe zaren noti da leda kada ya yanke su wajen shiga.

Abu biyu ne ba a yi musu rowa. Na ɗaya tiyo. Kowane tiyon haidurolik na gaskiya an rubuta matsin da yake ɗauka a jikinsa, yana kuma da saƙar waya a ciki. Wanda fatarsa ta tsattsage, ko ya kumbura a wani wuri, ko wayar ta leƙo, ya gama aiki. Bututun ruwan famfo da mahaɗansa ba su da wuri a ɓangaren matsi, komai kyan zarensu. An yi su ne don ruwan wanka. Na biyu bawul ɗin da ke sakin mai ya koma tanki idan matsi ya kai iyaka. Injin da ba shi da wannan bawul, ko aka ɗaure nasa tamau don a ƙara ƙarfi, ya zama bam mai jiran rana. Ba a saita shi da ka. Sai da agogon matsi: a sassauta shi gaba ɗaya, a tayar, a bar silinda ta je ta dawo sau da yawa ba kaya har iska ta fita, tafiyar ta daina tsalle, sannan a riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan ana kallon allura, a tsaya ƙasa da abin da mafi raunin kayan zai iya ɗauka. Ba mafi ƙarfinsu ba, mafi rauninsu.

Ƙura, zafi, da man da aka samu

A ce an yi duk wannan, inji ya tashi, unguwa ta taru kallo. Daga ranar ne aikin gaske ke farawa, kuma abokan gabansa uku duk 'yan gida ne.

Ƙura ce babba. Tazarar da ke tsakanin haƙoran famfo da bangonsa ba ta kai kaurin gashin kai ba, ta yi ƙasa da shi nesa. Ƙurar da ke lalata shi ba wadda ido ke gani ba ce. Hazon hunturu da ke taso mana daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, gari ne mai laushin da ke ratsa tagar da aka rufe, balle tankin da aka toshe bakinsa da tsumma. Tanki yana numfashi: duk fitar sanda mai na raguwa a ciki, iska ta shiga, duk komawarta iska ta fita. In babu matata a wannan hancin, injin na shaƙar maƙera ne tun safe har yamma, ita kuwa maƙera ban da hazo akwai toka da garin gawayi da ɓawon da ke zuba daga jan ƙarfe. Wannan ɓawon ya fi yashi sharri. In silinda a ƙasa take, a kan sandarta yake sauka. Faranti guda na langa-langa da aka lanƙwasa ya zama rumfa a kanta, ko riga ta fata da baduku zai ɗinka, ya fi sabon sil goma amfani. Sannan matata a kan hanyar da mai ke komawa tanki, a riƙa canza ta. Mazurari da jarkar zuba mai su ma a ba su murfi da wurin ajiya. Yawancin dattin da ke cikin inji da hannun mai shi ya shiga.

Zafi na biye. A watan da aiki ya fi yawa, a nan ne zafin Kano ke haura digiri 40 a inuwa, ga wutar maƙera a gefe. Man haidurolik ya fi son ya zauna ƙasa da digiri 60. In ya wuce haka sai ya tsinke kamar ruwa, ƙarfin inji ya ragu, ya kuma tsufa da wuri. In ya doshi 80, sil ya fara taurara yana karyewa. Gwajin ba ya buƙatar na'ura: in ba ka iya barin tafin hannunka a jikin tanki na ɗan lokaci, a kashe a huta. Ƙa'idar da makanikai suka saba da ita ita ce tanki ya ɗauki ninki uku na abin da famfo ke turawa a minti, wato famfon lita 20 a ba shi tankin lita 60, a kuma ajiye shi nesa da wuta, inda iska ke kaɗawa. A ƙasa mai zafi irin tamu mai lamba 68 ya fi lamba 46 jurewa, ko da yake da sanyin asubar Janairu sai an bar shi ya ɗan zaga kafin a ɗora masa kaya.

Na ukun shi ne wanda ya fi ba ni takaici, don da gangan ake yin sa. Mai ya ragu, garin da ake sayar da na gaskiya da nisa, ga jarkar baƙin mai da aka juye daga mota tana zaune. Sai a ce ai duk mai mai ne. Baƙin man da ya gama aiki a inji cike yake da zoza da garin ƙarfe, zuba shi a famfo daidai yake da zuba masa yashi da cokali. Man birki ya fi shi ɓarna, don yana kumbura irin robar da ake yin sil da ita har ta ruɓe. Araha ba ta ado, a nan kuwa har tsirara take yi wa mutum: kuɗin lita biyar aka tsere wa, aka faɗa kuɗin famfo.

Inji yana magana kafin ya mutu, in an saurare shi. Famfon da ke kuka kamar an zuba masa tsakuwa, mai ne bai isa gare shi ba: ko ya yi ƙasa a tanki, ko ragar bakin bututu ta toshe. Kumfa a saman mai na nufin iska na shiga ta wata mahaɗa a ɓangaren zuƙa. In bakin ya sauko ya taɓa ƙarfe amma ya kasa danna shi, babu kuma yoyo a waje, to yoyon a ciki yake, mai na tsallake fistin yana komawa baya. Maƙerin da ke gane ƙarfe ya tsage daga amon da ya yi a kan uwar maƙera ba zai kasa koyon wannan ba.

Abin da maganin wuta bai sani ba

Maƙera sun shahara da rashin tsoron wuta. Akwai masu wasa da jan ƙarfe a bainar jama'a ranar biki, kuma har yau in yaro ya ƙone, gidan maƙera wasu ke fara kai shi. To, haɗarin wannan inji wani iri ne da gado bai tanadar masa komai ba. Tiyo na iya hujewa ƙanƙanin rami kamar na allura, mai ya riƙa fita siriri har ido bai gan shi sosai. Matsin bar 7 kacal ya isa ya huda fatar mutum, inji kuwa a 200 yake aiki. Wanda ya bi tiyo da yatsa yana neman inda ke yoyo zai ji kamar ƙaya ta soke shi, ya duba ya ga ɗan ɗigo, ya ci gaba da aiki. Man ya riga ya shige cikin nama yana bin jijiya. Kafin kwana ɗaya hannu ya kumbura, kuma in aka yi jinkiri yatsan yankewa ake yi. Wannan ba na tofi ba ne, ba na ɗauri ba. Asibiti ake nufa a take, inda akwai likitan tiyata, a kuma gaya masa ƙarara cewa man inji ne mai matsi ya shiga, kada ya ɗauka ƙaramin rauni ne. Neman yoyo da guntun kwali ake yi, hannu na nesa.

Sai gobara. Man haidurolik a cikin tanki ba ya saurin kamawa, amma in ya fito feshi ya sauka a kan ƙarfen da ya haura digiri 1,000, wuta ce mai harshe take tashi, famfo kuma na ci gaba da ba ta abinci har sai an kashe shi. Saboda haka tiyo ya bi ta bayan firam, a sa masa garkuwar langa-langa tsakaninsa da wurin aiki, makashin inji ya kasance inda hannu zai kai ba tare da an ratsa ta gaban wutar ba, bokitin yashi kuma na kusa. Ruwa ba ya kashe wutar mai, watsa ta yake yi. Rumfar zana da injin matsa ba sa zama wuri ɗaya.

Masaba ba ta mutu ba

Kada kuma a yi wa injin kirarin da ya fi shi. Duka da matsa ba abu ɗaya suke yi wa ƙarfe ba. Guduma na taɓa shi ta tashi, aikinta ya fi yawa a sama-sama. Matsa kuwa na zama a kansa, tana tura naman ƙarfen har tsakiya. Shi ya sa a kan kauri ba ta da na biyu: fasa gatarin mota a mai da shi sanda, huda ido a jikin guduma, lanƙwasa bakin garma goma su fito kamar an haife su rana ɗaya, in an yi musu mazauni mai siffar da ake so. Amma wannan zaman da take yi shi ne rauninta a kan siririn aiki, domin bakunan injin masu sanyi na tsotse zafin ƙarfe nan da nan. Faɗaɗa bakin fartanya har ya yi fele-fele, ko fitar da kaifin lauje, ko gyara lanƙwasar magirbi daidai da hannun mai shi, waɗannan na guduma ne da idon maigida. Abin da injin ke ɗaukewa shi ne aikin ƙato, ba aikin gwani ba.

Abin da ya rage shi ne wa zai haɗa masu sanin biyu. Wanda ya san ciwon famfo da sil yana garejin tifa da tarakta, bai taɓa riƙe awartaki ba. Wanda ya san launin ƙarfe bai taɓa buɗe silinda ba. A Kano akwai cibiya sukutum ta gwamnatin tarayya da aka kafa don kayan haidurolik, HEDI, ƙarƙashin hukumar NASENI. A Rano kanta akwai makarantar fasahar karkara da koyon sana'a ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano. Horo na mako guda ga maƙera da masu walda na Kibiya da Rano da Bunkure, a kan saita bawul da karanta tiyo da tsabtar mai, ba zai ci kuɗin taya ɗaya ta katafila ba. Mun saba idan ana maganar ƙarfe a Najeriya a tafi masana'antar Ajakuta, wadda aka fara tun 1979 ana jira har yau. Manomin Durba kuwa fartanyarsa daga rumfar maƙwabcinsa take fitowa.

Manya ma gyara suke yi, ba jefarwa ba. A birnin Kilibilan na Amurka akwai injin matsa mai ƙarfin tan 50,000 da kamfanin Alcoa ya fara aiki da shi a 1955, yana ƙera sassan jiragen sama. A 2008 aka gano tsaga a gindinsa, aka tsayar da shi, aka kashe kimanin dala miliyan 100, ya koma aiki a 2012. Tsaga ce dai irin wadda kananzir da alli ke tonawa, kuma an gan ta ne saboda akwai masu dubawa.

Idan damina ta kankama, manoma suka watse gona, maƙera ta yi shiru, a nan ake asarar injuna da yawa. Sanda in an bar ta a waje tsatsa za ta ci, don haka a mayar da ita cikin silinda gaba ɗaya, abin da ya rage a waje a shafe shi da giris. A cika tanki, don wanda yake rabi yana tara raɓa a bangonsa cikin dare, ta gangara ta kwanta a ƙarƙashin mai. A ɗaga injin daga ƙasa a kan bulo, a rufe shi, duk mako biyu a tayar ya je ya dawo. Duk wani bakin bututu ko tiyo da aka kwance kuma a toshe shi da murfi a ɗaure, don zanzaro ba ya ganin rami ya wuce, kuma gidansa da laka yake gina shi.